Sharhi: Doguwar Jinya Da Ciwon Damuwa A Karkara

Kamar yadda jama'a suka sani, cututtukan da ba sa warkewa da wuri, irin su hawan jini da ciwon suga da amosanin jini da shanyewar ɓarin jiki, sun zama ruwan dare a ƙauyukanmu. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne ciwon damuwa da ke biyo bayansu.

Wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da mujallar Lancet ta buga a 2007, wanda ya shafi ƙasashe 60, ya gano cewa tsakanin kashi 9 zuwa 23 cikin ɗari na masu fama da doguwar cuta suna kuma fama da ciwon damuwa, kuma lafiyarsu ta fi taɓarɓarewa fiye da ta masu cutar jiki kaɗai.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya san zaman karkara. Manomi da ƙarfinsa yake ci. Idan ciwo ya kwantar da shi damina ta wuce, rumbu ya zama wayam, sai a shiga sayar da awaki, wata rana har gona, domin kuɗin magani da na mota. Maigidan da ya saba ciyarwa ya koma ana ciyar da shi. Daga nan sai barci ya ƙaurace, abinci ya fita a rai, ya daina zuwa majalisa da kasuwa. Wanda ya kai wannan hali yakan bar shan maganinsa, ya daina komawa asibiti a ranar da aka ba shi, ciwon jikin ya ƙara tsanani.

Sau da yawa ba a gane matsalar. Majinyaci yakan ce kansa ke ciwo ko gabansa ke faɗuwa, sai a ba shi maganin zazzaɓi ya tafi. A gida kuwa wasu su ce sammu ne ko iskoki, wasu su ce rashin tawakkali ne. Alhali likitoci sun tabbatar cewa baƙin ciki da yanke ƙauna da suka kai mako biyu suna hana mutum harkokinsa alamar cuta ce mai magani.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. Tun 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, kuma a Janairun 2023 aka sanar da sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai manyan asibitocin wannan fanni, kamar na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato da na Dawanau a Kano da na Maiduguri, sun yi wa mutumin ƙauye nisa, ga kuma tsoron a kira shi mahaukaci.

Don haka mafita tana ƙaramin asibitin mazaɓa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba gane ciwon damuwa da kula da shi. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da hukumomin lafiya a matakin farko su horar da ma'aikatansu, ta yadda mai auna hawan jini zai tambayi majinyaci yadda yake barci da halin da zuciyarsa ke ciki, kuma a tanadi magungunan a ɗakin magani.

Hakimai da dagatai da limamai su ma suna da rawar takawa wajen wayar da kan jama'a cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Iyalai kuwa kada su bar majinyaci shi kaɗai a ɗaki. A riƙa shawara da shi kan al'amuran gida, kuma idan ya fara ambaton gajiya da rayuwa, a garzaya da shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.