A Ceto Powerman da Lance Spearman Kafin Ruwa da Gara Su Gama da Su

A shekarar 1975 wani kamfani mai suna Pikin ya fara fitar da mujallar Powerman a Nijeriya, sau ɗaya duk mako biyu. Labari ne cikin zane, irin wanda yara ke kira kwamik. Jarumin baƙar fata ne, ƙaƙƙarfa, ba abin da ke kai shi ƙasa sai saran maciji. Masu zana shi wasu samari ne biyu ’yan Ingila, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda a lokacin ba su yi suna ba. Daga baya Gibbons ya zana Watchmen a 1986, Bolland kuma ya zana labarin Batman mai suna The Killing Joke a 1988, kuma yau ana lissafa su cikin manyan masu wannan sana’a a duniya. Yaran Nijeriya sun riga Amurkawa sanin hannunsu da shekaru.

To ina waɗancan mujallun suke yanzu? Tambayar da ya kamata ta dami kowane mai kula da ɗakin karatu a Arewa ke nan, musamman a Maiduguri.

Masu kamfanin Powerman sun sa a riƙa buga lamba a kowane gidan zane, wai don kada mai karatu ya rasa inda zai bi. Wannan raini ne, domin tun 1968 mutanen ƙasar nan suke karanta African Film, mujallar kamfanin Drum mai ɗauke da labarin Lance Spearman. Shi ba zana shi aka yi ba, hotuna ake ɗauka a jera, a rubuta maganar kowa a gefen bakinsa. Mai binciken laifi ne ɗan gaye, da malafa da kwat da ɗan gemu, kullum yana fafatawa da abokin gabarsa Rabon Zollo. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Jore Mkwanazi, shi ne ke fitowa a matsayinsa, har aka daina buga mujallar a 1972. A tambayi dattijon da ya yi makarantar kwana a wancan zamani, zai ba da labarin yadda kwafi ɗaya ke zagaya aji har bangonsa ya cire. Wani masani ɗan Jamus, Matthias Krings, ya ware wa Spearman babi guda a littafinsa African Appropriations na 2015. Abin da muka ɗauka shiririta, wasu sun ɗauke shi abin nazari.

Asalin irin waɗannan jarumai daga Amurka ne. A 1936 Lee Falk ya ƙirƙiro Phantom, mai rufe idanu da baƙin ƙyalle, da matsattsun tufafi da zobe mai hoton ƙoƙon kai. Superman ya biyo baya a 1938, Batman a 1939, sai The Spirit na Will Eisner a 1940, mai binciken laifin da kowa ya ɗauka ya mutu. Ba a cewa labaran nan ba su da aibu. Phantom Bature ne da aka ɗora a kan mutanen daji yana yi musu hukunci, kuma a yawancin tsofaffin mujallun ana zana baƙar fata da kamannin wulaƙanci. Wannan ma dalili ne na adana su, don jikoki su ga da idonsu yadda aka kalle mu, su kuma ga lokacin da jarumi mai kama da mu ya fara bayyana.

Sai kuma shi kansa zanen. Duk wanda ya tsaya ya dubi shafin Eisner zai ga yadda baƙar tawada kaɗai ke samar da dare da ruwan sama da tsoro. Bolland kuwa gwanin siririn layi ne, ba ya barin ko lanƙwasar riga. An yi aikin nan ne da alƙalami da buroshi a kan takarda mai araha, ana tsere da ranar bugawa. Mutumin Limanti, unguwar da ke daf da fadar Shehun Borno, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan darajar tawada da daidaiton hannu. Ƙasar Borno ta daɗe da shahara wajen rubutun hannu da zayyana, ga kuma masu ɗinkin hular Zanna Bukar da ke ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya. Idon da zai gane aikin gwani yana nan.

Abin da babu shi ne ma’ajiya, kuma Maiduguri ta san yadda takarda ke salwanta. Gobara ta cinye Kasuwar Litinin a Fabrairun 2023. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har fadar Shehu, ya jiƙe akwatuna da kabad-kabad a dubban gidaje. Abin da ya tsira, gara da zafi na jiransa. A Amurka ma haka aka yi sakaci, iyaye suka zubar da irin waɗannan mujallu, aka kwashe wasu lokacin yaƙin duniya na biyu don sake sarrafa takarda. Shi ya sa wani kwafin fitowar farko ta mujallar Action Comics, wanda aka sayar santi 10 a 1938, ya kai dala miliyan 6 a gwanjon Afrilun 2024. Ba wanda ke cewa Powerman zai yi wannan tsada. Amfaninsa a wajenmu tarihi ne da darasi ga mai koyon zane.

Kuma akwai masu koyon. A Legas, Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013. Arewa na da jaruman da ke jiran mai zana su: Gandoki na Bello Kagara, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Mai Idris Alauma wanda Imam Ahmad Ibn Furtu ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙensa tun ƙarni na 16. Saurayin da zai yi wannan aiki yana bukatar ya ga yadda na gabansa suka tsara shafi.

Don haka ya dace ɗakin karatu na Ramat da ke Jami’ar Maiduguri da Gidan Arewa na Kaduna su yi shelar neman waɗannan mujallu, su ɗauki hoton kowane shafi su ajiye a kwamfuta. Mai karatu kuma da ke da tsohon kwafi a ƙasan akwati, a Limanti ko Hausari ko Gwange, kada ya bari a naɗe ƙosai da shi. Ya kakkaɓe ƙurar, ya ajiye shi inda danshi ba ya kaiwa, sannan ya kai wa ɗakin karatu mafi kusa da shi.