Ihu Bayan Hari Ba Sa Ido Ba Ne

Mu malamai mun san sa ido fiye da kowa. Shugaban makaranta na duba shirin darasinmu, sufeto kuma na iya faɗowa aji ba sanarwa ya buɗe rajista. Ba mu taɓa ganin sufeton da ya jira malami ya yi ritaya sannan ya zo duba aikinsa ba, domin a lokacin yaran da aka cuta sun riga sun girma da cutar. Da wannan ma'auni muke so mu auna majalisun da muka zaɓa.

A watan Yunin 2024 kwamitin wucin gadi na Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Henry Magaji Danjuma, ya miƙa rahotonsa kan basussuka da kwangilolin gwamnatin Malam Nasir El-Rufai daga 2015 zuwa 2023. Rahoton ya yi zargin karkatar da kimanin naira biliyan 423. Tsohon gwamnan ya musanta, ya kuma garzaya kotu. Yanke hukunci aikin alƙali ne, ba namu ba. Abin da ya dame mu shi ne lokaci. Sashe na 128 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Jiha ikon bincike don bankaɗo almundahana da almubazzaranci, kuma wannan iko yana hannunta dukan shekaru takwas ɗin nan. Kasafin kuɗin kowace shekara ta gabanta ya wuce. Amma sai da mai kujera ya sauka, magajinsa Gwamna Uba Sani ya fito fili a watan Maris na 2024 ya koka da bashin da ya gada, sannan aka kafa kwamiti. Bahaushe ya riga ya raɗa wa irin wannan suna: ihu bayan hari.

Kuɗi dai suna barin sawu a takarda, ana iya bin su ko bayan shekaru. Akwai wani iko a hannun masu zartarwa da ba ya barin sawun da talaka zai gani, wato ikon sauraren wayoyin jama'a da bibiyar saƙonninsu. In majalisa ta makara a kan kuɗi, yaya za ta kasance a kan abin da ake yi a ɓoye?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Mu mazauna Gonin Gora ba baƙin tsoro ba ne. A farkon 2024 an kwashe mutane daga unguwarmu, masu garkuwar suka nemi fansar naira tiriliyan 40. Ranar 7 ga Maris na shekarar aka sace ɗalibai a Kuriga, cikin ƙaramar hukumarmu ta Chikun, sai bayan fiye da mako biyu 137 suka dawo gida. Da waya ake cinikin fansa. Saboda haka babu malamin da zai ce kada a bi sawun wayar ɗan bindiga. Mun ma biya farashin tsaro ba gardama: mun yi layi muka haɗa layukanmu da lambar NIN tun daga ƙarshen 2020, mun kuma jure katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar na kusan wata biyu a 2021. Wanda ya bayar da wannan duka yana da haƙƙin tambaya: kunnen da aka saya da kuɗinmu, wa yake saurare?

Tarihin sayen wannan kunne bai kwantar mana da hankali ba. A 2013 jaridar Premium Times ce ta tona kwangilar dala miliyan 40 da Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila don bibiyar intanet; sai bayan labarin ya fasu Majalisar Wakilai ta tayar da murya. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da kimanin naira biliyan 4.8 a ƙaramin kasafi domin hukumar leƙen asiri ta NIA ta riƙa bibiyar kiran waya da saƙonni, har da na WhatsApp. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 ta ce a nemi izinin alƙali kafin a saurari wayar mutum, amma ta bar ƙofar yin haka ba izini idan an ce akwai gaggawa. Rahoton shekara na wannan aiki kuwa wurin Antoni Janar na Tarayya yake zuwa, wanda shi ma ɗan majalisar zartarwa ne. Ke nan ɗalibi ne ke duba takardar jarrabawarsa da kansa.

Wani zai ce, wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye? Amsarmu tana cikin sashe na 37 na Tsarin Mulki, wanda ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, da sashe na 40 da ya ba mu 'yancin kafa ƙungiya. Shawarar yajin aiki a waya ake yin ta yanzu. Ba mu manta watan Mayun 2021 ba, lokacin da gwamnan wancan lokaci ya ce ana neman shugaban NLC, Ayuba Wabba, ruwa a jallo saboda yajin aikin gargaɗi a Kaduna. Inda za a iya kallon ɗan ƙwadago a matsayin mai zagon ƙasa, kayan da aka saya don ɗan bindiga ba su da nisa da wayar sakataren reshe. Ko a Amurka, kwamitin Sanata Frank Church ya gano a 1975 irin bibiyar da hukumar FBI ta yi wa Martin Luther King, kuma binciken ne ya haifar da dokar 1978 da ta sa kotu a tsakani. Majalisa ce ta yi wannan aiki, ba alherin shugaba ba.

Don haka buƙatunmu uku ne. Ɗan majalisarmu na Chikun ya nemi a riƙa kawo bayanin kuɗin tsaro da duk na'urar sa ido da jiha ta saya gaban kwamiti kowace shekara, ko da a zaman sirri ne. Wakilinmu na Chikun da Kajuru da Sanatan Kaduna ta Tsakiya su nemi a mayar da ƙa'idar 2019 cikakkiyar doka, wadda za ta tilasta kai rahoto ga majalisa: izini nawa aka nema, nawa alƙali ya hana. Na uku, binciken da aka yi wa gwamnatin jiya a yi wa ta yau irinsa tun tana kan kujera, haka ma ta gobe, ko wace jam'iyya ce.

Mu ma akwai namu aikin. Reshenmu ya rubuta waɗannan buƙatu a takarda, ya gayyaci wakilan nan taronmu, mu yi musu tambaya a gaban iyalanmu. A aji muna koya wa yara cewa gwamnati ɓangare uku ce, kowane na taka wa ɗaya birki. Wata rana wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, a nan ma haka ake yi?" Muna so ranar ta same mu da amsar da ba za mu sunkuyar da kai ba.