A gyara hoton, a bar gidan mutane



Makonni uku da suka wuce, malamin kulob ɗinmu ya ce kowa ya ari wayar wani babba a gida ya ɗauko hoton yadda ake zaman yau da kullum, ba tare da an ce wa kowa ya shirya ko ya yi murmushi ba. Ni na ɗauki Yayata tana yi wa ƙanwarmu shuku a tsakar gida. Ƙanwar ta ɓata rai kamar za ta yi kuka, Kaka kuma tana gefe tana tsintar wake.

Da Malam ya nuna hotona a kwamfutarsa, sai wani ya ce, "Kai, ku ga tabarmarsu duk ta yage!" Aka fashe da dariya. Wata kuma ta ce, "Ya yi kyau," ta yi shiru. Maganar farko ta yi mini ciwo, ta biyu kuma ba ta koya mini komai ba. Abin da ya fi damuna shi ne, daga nan ɗalibai biyu suka roƙi Malam kada ya nuna nasu. Har yau ba mu gan su ba.

Wadda ta taimake ni wata yaya ce 'yar aji uku. Ta ce, "Fuskar ƙanwarki ta burge ni, duk wadda aka taɓa yi wa kitso ta san wannan zafin. Amma fuskar Yayarki ta yi duhu saboda rana tana bayanta. Ki tsaya ta inda rana za ta kasance a bayanki, kuma ki durƙusa daidai da su tunda a zaune suke." Da aka sake zaman kitso na gwada bayan la'asar, lokacin da hasken rana ya yi sanyi. Har tsagar kitson ta fito fili.

Don haka ra'ayina shi ne, idan aka nuna mana hoto, mu fara faɗin abu ɗaya da ya yi kyau da dalilinsa. Sannan mu faɗi abu ɗaya da mai hoton zai iya gyarawa da kansa: haske, wurin tsayawa, goge gilashin kyamara, ko matsawa kusa maimakon jawo hoto da yatsa, wanda ke sa shi dishi-dishi. Yagaggiyar tabarma ko bangon da hayaƙi ya baƙanta ba kuskuren mai hoto ba ne. Gidansu ne.

Wasu za su ce ai gaskiya ɗaci gare ta. Haka ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma yayar nan ma gaskiya ta faɗa mini, ba ta kunyata ni ba.

Malam ya ba mu labarin J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Abin da mutane ke gani kullum ba su kula ba, yau ya zama tarihi. Wataƙila wata rana hoton Kaka da wakenta zai fi hotunan sallah daraja a wurinmu.

Mu kuma masu ɗauka, kada mu fitar da hoto sai mun nuna wa waɗanda ke ciki sun yarda. Ni sai da Kaka ta ga nata ta amince.

Ga 'yan'uwana biyu da suka janye nasu: don Allah ku dawo da su ranar taro mai zuwa. Ina son in ga gidajenku kamar yadda kuka ga namu.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, ƙaramar sakandare