Ladabin magana bisa teku: ƙarami shi ke kaucewa

Nijar ba ta da teku, amma ƴaƴanta na can. Cikin samarin Magarya da Dungas masu zuwa ci-rani Legas, Kwatano ko Lome, wani kan sami kansa cikin kwalekwalen masunta, a bakin tashar da manyan jirage ke shiga da fita. Domin su muka kawo wannan bayani.

Mai amalanke ya san ba a jayayyar hanya da babbar mota, ƙwai ba ya karo da dutse. To, bisa ruwa abin ya fi haka tsanani: jirgin dakon kaya ba shi da birki, yakan yi tafiyar kilomita da dama kafin ya tsaya, kuma matuƙinsa ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa. Shi ya sa dokar hana karo ta 1972, wadda ta soma aiki a 1977, ta hana jirgin da bai kai mita 20 ba tare wa babba hanya cikin ƙunƙuntar mashiga.

Hanyar magana ita ce radiyon VHF, layi na 16, wanda aka keɓe don kira da neman agaji. A nan babu "ina kwana", babu "ina gajiya". Gajarta magana shi ne ladabi. Ka saurara tukuna, kada ka katse wani. Ka kira jirgin da sunansa, ka faɗi naka, da inda kake, da inda ka nufa. In ya amsa, ku koma wani layi. Radiyon ba ya ɗaukar baki biyu lokaci guda, saboda haka in ka gama ka saki maɓalli. Abin da aka gaya maka kuma ka maimaita shi, don a tabbata an fahimci juna.

Kalmomi uku na kiran gaggawa daga faransanci suka fito: "Mayday", wato "m'aider", in rai na cikin haɗari, "Pan-Pan" in an sami matsala mai gaggawa, "Sécurité" don gargaɗi. Ba a wasa da su.

A 1956, kusa da gaɓar Amurka, jiragen Andrea Doria da Stockholm sun ga juna a na'urar hange cikin dare, ba wanda ya kira ɗan'uwansa, kowa ya yi zato. Mutum 51 suka rasa rayukansu.

Sai dai radiyo ba laya ba ne. In ba ka tabbata da jirgin da ya amsa maka ba, ko an yi maka shiru, kada ka tsaya jiran amsa. Kauce tun da nisa, kaucewar da kowa zai gani.

Allah ya maido mana da matafiyanmu lafiya.