Tsohuwar waƙa a bakin yara

A ƙarni na 9 wani malamin Kirista mai zaman zuhudu, mutumin Irlanda, ya rubuta waƙa mai baiti 8 a kan farar kyanwarsa, Pangur Bán. Abin da waƙar ta ƙunsa kaɗan ne: malami na farautar ma'ana cikin littafi, kyanwa na farautar ɓera, kowa ya duƙufa ga sana'arsa, babu mai damun wani. Littafin da aka rubuta ta ciki yana ajiye a wani gidan ibada na ƙasar Otirish.

Ajiya a akwati ba ta rayar da waƙa. Sai an rera ta. A 1953 Samuel Barber na Amurka ya sa wa tsofaffin rubuce-rubuce 10 na malaman Irlanda kiɗa, har da waƙar kyanwar, kuma Leontyne Price ta rera su a Washinton. Amma da Ingilishi ta rera: ma'ana ta isa ga jama'a, amon harshen asali ya salwanta. Michael McGlynn, wanda ya kafa ƙungiyar mawaƙa a Dublin a 1987, wadda daga baya ta zama Anúna, ya bi wata hanya: yakan bar kalmomi cikin harshensu na da, Irlandanci ko Latin, ya ɗora su bisa sababbin karin murya. Duniya ta ji ƙungiyar a bikin Eurovision na 1994.

Galibi siririyar murya ake so ga irin waɗannan waƙoƙi, ta mata ko ta yara, domin tana fita tas, ba ta danne kalma. Nan kuwa aiki yake. Muryar yaro ba ta wuce ƴan shekaru. Da ya kai 13 ko 14 sai ta fashe. Ke nan waƙar da ta haura shekara 1,100 ana danƙa ta ga muryar da ba ta daɗewa, dole kowane lokaci a koya wa na baya.

Wannan dolen ita ce ribar. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum wajen 72,000 ne ke magana da Irlandanci kullum ban da cikin lakwal, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 5. Yaron da ya hardace baiti yana ɗan shekara 10, muryarsa za ta tafi, kalmomin su zauna masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.