Yabon gwani ya zama dole: Farfesa Ishiyaku da waken SAMPEA 20-T

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da wani bawan Allah da aikinsa ya shiga tukunyar kowa, amma da yawanmu ko sunansa ba mu sani ba. Wannan mutum shi ne Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, wadda ake kira IAR.

Ni ɗan tireda ne, ina auna wake da gero a nan Tudun Wada, kuma da damina ina taɓa noma a ƙauyenmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da aka yi a majalisarmu bayan sallar Isha. Wani ya ce wai akwai sabon wake da Turawa suka kawo don su hana mu haihuwa. Da na tambaye shi sunan waken da wanda ya yi shi, sai ya ce shi dai haka ya ji a waya. To jama'a, abin da mutum zai ci da iyalinsa ai ya wuce a yanke masa hukunci da "an ce".

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure da kwanso. Masana suna kiranta Maruca. Za ka ga gona ta yi kore shar, fure ya fito gwanin sha'awa, kafin ka ankara furen ya zube, kwanson da ya rage kuma duk huda. A shekarar da ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin. Shi ya sa manomi yake feshi sau 6 har sau 8 a damina guda. Kuɗin magani ya tafi, ga yaran da ke goya tankin feshi ba takalmi ba abin rufe hanci, su dawo gida da ciwon kai da ƙaiƙayin jiki. Wannan guba da muke gani da idonmu ba ta tayar mana da hankali, sai wadda aka ba mu labari a waya.

Masana sun daɗe suna neman waken da zai iya kare kansa. Cibiyar IITA, wadda take da reshe a nan Kano kan titin Sabo Bakin Zuwo da kuma gonar gwaji a wajen Minjibir, tana ajiye da irin wake sama da kala 15,000. An bincika su, ba a samu wanda yake jure wa wannan tsutsa yadda ake so ba. Ke nan hanyar da aka saba ta haɗa auren iri da iri ba za ta yi magani ba, don ba a gadon abin da iyaye ba su da shi.

Daga nan ne aka koma ga ilimin ƙwayoyin halitta. Akwai wata ƙaramar halitta a cikin ƙasa wadda ido ba ya gani, ana taƙaita sunanta da Bt. Tana yin wani sinadari wanda in tsutsa irin wannan ta ci, sai ya lalata mata ciki ta mutu. Cikin ɗan Adam da na akuya ba irin na tsutsa ba ne, sinadarin ba ya samun wurin kamawa, sai ya narke kamar sauran abinci. Shekaru da dama manoma a ƙasashen waje suna fesa wannan Bt ɗin a gonakin kayan miya. Wani masani a ƙasar Ostireliya mai suna T. J. Higgins, tare da abokan aikinsa, su ne suka yi nasarar sa ƙwayar halittar da ke yin sinadarin a cikin wake. Ita ƙwayar kamfanin Monsanto na Amurka ne ya bayar ta hannun gidauniyar AATF da ke Nairobi, ba tare da kuɗin mallaka ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce na ɓoye hannun Bature a cikin aikin.

To amma waken da aka yi a ɗakin bincike a Ostireliya ba shi zai ciyar da mutumin Bichi ko Ɗambatta ba. Nan ne aikin Farfesa Ishiyaku ya shigo. Mutum ne da ya daɗe a kan wake, ya yi bincike kan lokacin furensa tare da Dokta B. B. Singh, Ba'indiyen nan da ya shekara da shekaru yana fitar da irin wake a IITA ta Kano. Shi aka ɗora wa jagorancin aikin a Najeriya. A 2009 aka fara gwaji a killataccen fili a Samaru. Shi da mutanensa suka riƙa haɗa wancan wake da irin da manomanmu suka riga suka sani, wato SAMPEA 10, farin wake mai jure wa wuta-wuta, suna zaɓe suna sake haɗawa, damina bayan damina.

Sai a watan Janairu na 2019 hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan irin waɗannan tsirrai, ta ba da izini. A Disamba na wannan shekara aka yi wa irin rajista da sunan SAMPEA 20-T, sannan aka ƙaddamar da shi ga manoma a nan Kano a 2021. Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta saki irin wannan wake, Ghana ta biyo baya da nata a 2024. Ku duba fa, daga 2009 zuwa 2019 shekara 10 cur ke nan mutum yana bin abu guda. Daga baya ma har ya riƙe shugabancin cibiyar ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922. Yau da ɗan ƙwallo ne ko ɗan fim, da yaranmu sun haddace sunansa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada yabo ya sa mu ƙara gishiri. Wannan wake tsutsar Maruca yake kashewa, ba dukkan ƙwari ba. Darɓa da ƙwarin da ke tsotse kwanso suna nan, shi ya sa masu irin suka ce a yi feshi kamar sau 2. Wanda ya shuka ya tafi ya kwanta, ya dawo yana cewa an yaudare shi, shi ya yaudari kansa. Haka kuma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a buhu. Maganin wannan shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda yake toshe iska ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba komai ba. Mu 'yan kasuwa mu ji tsoron Allah a nan. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi, shi muke auna wa mai ƙosai da mai alala, 'ya'yanmu su saya su ci.

Masu shakka kuma ban ce su yi shiru ba. Wanda ya tambaya ko zai iya ajiye iri daga abin da ya girbe, tambayarsa tana kan hanya, kuma amsar ita ce wake yana barbarar kansa ne, abin da ka girbe yana tsirowa, ko da yake masana suna ba da shawarar a riƙa sabunta iri bayan 'yan shekaru don kada ya gauraya. Wanda ya ce kada mu yar da irin kakanninmu mai yaɗo, wanda yake ba mu harawar dabbobi, shi ma ya yi gaskiya. A shuka wannan, a ajiye wancan. Wanda ya ce yana so ya san abin da yake saya, haƙƙinsa ne a gaya masa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce yana hana haihuwa ba tare da an kawo hujja ko guda ba.

Saboda haka ina da kira guda uku. Na farko ga gwamnatin jihar Kano da hukumar KNARDA: a tura malaman gona ƙauyuka, a yi gonakin gwaji a gefen hanya, tsohon iri a dama sabo a hagu, manomi ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji. Na biyu ga hukumar kula da ingancin iri: a sa ido a kasuwannin ƙauye. Ni kaina na taɓa sayen wani iri a leda da aka ce mini ingantacce ne, ashe waken ci ne aka shafa wa kala. Irin wannan ha'inci shi ke ɓata sunan aikin masana. Na uku ga su masanan na Samaru: ku fito gidajen rediyo ku yi magana da Hausar da tsohuwa mai ɗanwake za ta gane, a buɗe waya mutane su yi tambaya. In kun yi shiru, mai jita-jita shi zai riƙe filin.

'Yan'uwana manoma, kada ka ɗauki maganata kawai. Bana ka samu kwano guda daga dillalin da aka amince da shi, ka shuka a kunya kaɗan kusa da naka na gida, ka ƙirga feshin da ka yi wa kowanne, ka auna abin da ka girbe. Abin da gonarka ta gaya maka shi za ka bi.

Allah ya saka wa Farfesa da abokan aikinsa da alheri, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Mai auna hatsi,
Tudun Wada, Kano.