Ƙwayar Sankarar Jini: Amana Ce A Hannun 'Yan Gida

A wannan wata za mu tattauna kan maganin da ake kira imatinib, ko Glivec, wanda ake ba masu wata irin sankarar jini mai tafiya a hankali. Tun 2001 da aka amince da shi a Amurka, masu wannan ciwo da dama suka koma noma da kasuwa, domin ƙwayar tana toshe sinadarin da ke sa gurɓatattun ƙwayoyin jini yaɗuwa.

Shekara da shekaru mutanenmu na Umdurman da Mai Wurno suna karɓar magani a Asibitin Zarra na Khartum, wanda aka buɗe a 1967. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, marasa lafiya suka watse, wasu Wad Madani, wasu Marawi, magani ya yi wuya. To, a irin wannan hali ne mutum kan raba ƙwaya biyu don ta daɗe, ko ya daina sha da zarar ya ji sauƙi. Wannan ganganci ne. Sauƙin nan aikin ƙwayar ne. In aka yi ta tsallake kwanaki, ciwon na iya dawowa har ya daina jin magani.

Saboda haka mu kiyaye. A sha kullum a lokaci guda, tare da abinci da babban kofin ruwa, daidai yadda likita ya rubuta. Wanda ya manta, kada ya haɗa biyu washegari. A guji giref furut da ruwansa, domin yana ƙara ƙarfin maganin a jini. Mai shan maganin tarin fuka, musamman rifampicin, ya gaya wa likita, don yana rage masa ƙarfi. Haka kuma mai shan Panadol a kai a kai ko jiƙe-jiƙen gargajiya. Mace mai ciki, ko mai neman ciki, ko mai shayarwa, kada ta ɓoye. A ajiye shi nesa da yara, inda zafi bai wuce digiri 30 ba, ba a aljihun jallabiya cikin rana ba. Mai niyyar azumi ya tambayi likita lokacin sha.

In an ga zazzaɓi, ko zubar jini, ko kumburi mai sauri, ko numfashi da ƙyar, a garzaya asibiti. Takardun gwajin jini kuwa a riƙe su kamar jinsiyya, duk inda aka koma likita zai nema.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.